Abin da ke Cikin Ganyen Sabara

Malamai, iyayenmu mata, magori da ungozomomin Tajaye, na gode da kuka zo.

Sabara ba baƙuwa ba ce a nan. Daga Illela zuwa Malbaza har Ƙonni, manomi yana sare ta lokacin sharar gona, kafin damina ta yi nisa ta sake tohowa. Mai jego tana shan jiƙonta, ana ba mai zawo, ana ba mai tari. Masana tsirrai suna kiranta Guiera senegalensis, kuma littafin da Farfesa Adjanohoun da abokan aikinsa suka fitar a 1980 kan itatuwan maganin Nijar ya ambace ta.

A ɗakin bincike ana shanya ganyen a inuwa, a daka, a jiƙa garin a ruwa ko a sinadarin itanol, a tace. Daga nan sai a bi da ruwan ta cikin wani dogon bututu mai cike da farin gari, kowane sinadari ya fito a lokacinsa, mai sauri gaba, mai nawa baya.

Wanda ya fi fitowa fili shi ne tanin, kuma nan zan daɗe. Baurin da kuke ji a harshe shi ne. Majema sun fi ni saninsa, domin shi ne a cikin bagaruwa yake kama fata ya ɗaure ta. Haka yake yi wa bangon hanji, shi ya sa zawo ke lafawa. Amma ku dubi aikin baduku: idan ya shafa kuloko, wanda da ƙarfe ake haɗa shi, a kan fatar da aka jeme da bagaruwa, nan take ta yi baƙi, domin tanin yana cafke ƙarfe. A cikin ciki ma yana cafke sinadarin ƙarfen abinci, wanda jiki ke gina jini da shi. Iyayenmu mata, wannan magana taku ce. Matar da ta zubar da jini wurin haihuwa, kada ta haɗa jiƙon sabara da abinci ko da ƙwayar ƙarin jini a lokaci guda. A bar tazara. Yaro mai zawo kuwa, komai za a ba shi, ruwan gishiri da sukari ne a gaba.

Akwai kuma harman, mai taɓa aikin ƙwaƙwalwa, wanda ake samu har a gasasshen kofi. A 2003 masu bincike biyu a Fotugal, Silva da Gomes, suka ware wani sinadari daga ganyen suka raɗa masa suna guieranone A, suka ga yana hana wani nau'in funfuna girma. A faranti aka gani, ba a jikin mutum ba, kuma tsakanin biyun akwai tafiya.

Yadda ake sarrafa ganye ma yana sauya abin da za a samu. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta yi ta fama da tazargade, sai da ta daina tafasawa ta koma jiƙawa ba zafi a 1971 maganin zazzaɓin cizon sauro ya fito, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015.

Abin da nake roƙo ga Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da ta Abdou Moumouni ta Yamai shi ne a tsinko sabarar Tajaye da rani da damina, toho da tsohon ganye, dafaffe da jiƙaƙƙe, a auna tanin ɗin kowanne da ludayin da uwa ke sha da shi. Magorin da ya nuna ganyen kuma, a rubuta sunansa a takardar binciken.