Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Digiri na Biyu a Fannin Lafiya da Kariyar Ma'aikata





 Na san a cikin iyayen da ke zaune akwai wanda in aka tambaye shi me ɗansa ya koma jami'a ya karanta, sai ya ce wani abu ne dai tsakanin likitanci da injiniyanci. Ya faɗi daidai. Waɗannan ɗalibai sun koyi yadda guba ke shiga jiki da inda take kwanciya, sun koyi maƙala wa ma'aikaci na'ura a wuyan riga don auna ƙurar da yake shaƙa, sun san cewa ƙarar da ta haura ma'aunin desibel 85 tana cin kunne a hankali in aka wuni a cikinta. Sun karanta doka, sun karanta lissafin yaɗuwar cututtuka.

Fannin tsoho ne. A shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'a, bayan ya bi masu haƙar ma'adinai da magina tukwane da masu kwasar masai har inda suke aiki. Shawarar da ya bar wa likitoci ita ce su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa. Yau fiye da shekara 300 ke nan, amma mutum kan zo asibiti da tarin wata da watanni, a yi ta ɗura masa maganin tarin fuka, ba wanda ya tambaya ya ji cewa a wurin fasa dutse ya tsufa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara saboda aikinsu. Haɗurra sun ɗauki wajen 330,000 daga ciki. Sauran duk cututtuka ne, masu kisa a ɓoye, shekaru bayan an bar aikin.

Ba sai mun je nesa ba. A farkon 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, agwagi suka soma mutuwa, ba wanda ya kula. Sai yara suka bi. Yaro zai kama amai da jijjiga, a ce zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, a ba da magani, a wayi gari an kai shi makwanci. Sai da ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan sababbin ƙananan kaburbura, aka ɗebi jini aka auna, sannan aka gane gubar dalma ce. Yara aƙalla 400 suka rasu.

Ina so ku dubi yadda abin ya faru, domin aikinku yana ciki. Farashin zinare ya tashi, manoma suka shiga haƙa. Dutsen da ke ɗauke da zinaren yana ɗauke da dalma mai yawa. Magidanci zai kawo buhun dutse gida, mata su daka a turmi, a kai wa injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta kwanta a ƙasar da jariri ke rarrafe, shi kuwa ya kai hannu baki. Mahaifinsa abinci yake nema masa. Ba wanda ya taɓa zuwa ya gaya masa abin da ke cikin dutsen nan.

Maganin da ke fitar da dalma daga jini bai wadatar ba, domin yaron zai koma gidan da ya kwaso ta. Dole aka kankare ƙasar tsakar gidaje, aka binne ta a ramuka, aka zuba sabuwa. Mutanen ƙauyen Bagega sai da suka jira har 2013 kafin a yi musu. A 2015 abin ya sake ɓulla a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Abin da ya taimaka daga baya irin ilminku ne: a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, a riƙa fesa ruwa a bakin injin don ƙura ta kwanta, mahaƙi ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida. Duka ba su fi ƙarfin aljihun ƙauye ba.

Dokoki muna da su. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, akwai Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010 wadda ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun inshorar ma'aikata na NSITF. A 2022 kuma Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya aminci da lafiya a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Sai dai waɗannan dokoki sun fi sanin kamfani mai ƙofa da rajista da takardar albashi. Yawancin mutanenmu ba can suke ba. Suna bakin titi suna walda da tabarau na ado, suna gona suna feshin maganin ƙwari da singileti, suna majema hannu tsundum cikin sinadari, suna wurin niƙa gari ya rufe musu gira. Na san da yawanku kamfanonin mai da siminti da gine-gine za su ɗauke ku, kuma ina muku murna. Amma ku ware wa waɗancan wani kaso na lokacinku, ku je wa sarkin maƙera da shugaban 'yan walda, ku yi musu bayani da harshen da suke ji.

Za su ce muku tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kada ku raina maganar, kada kuma ku tsaya a nan. Mun yi imani da ƙaddara, kuma addinin da ya koya mana ita shi ya umarce mu da riƙo da sababi.

A kamfanin ma akwai jarrabawa. Mai kamfani ya fi son ku raba hular kwano da takunkumi a ɗauki hoto, domin shi ya fi arha. Malamanku sun koya muku cewa kayan kariya su ne mataki na ƙarshe: a fara da kawar da haɗarin, ko a musanya sinadari mai cutarwa da mai sauƙi, ko a killace injin a sa masa mazuƙar ƙura. Wata rana za a miƙo muku rahoto a ce ku sa hannu cewa komai lafiya, alhali na'urarku ta nuna akasin haka, kuma mai miƙo takardar shi ke biyan ku albashi. A ginin masana'antun ɗinki na Rana Plaza a Bangladesh, an ga tsagewar bango kwana ɗaya kafin ginin ya rufta ranar 24 ga Afrilu, 2013, aka ce wa masu ɗinki su koma bakin aiki. Mutum 1,134 suka mutu. Ku rubuta abin da kuka auna, ku riƙe kwafi.

Mai girma Shugaban Jami'a, ina da roƙo. Kundayen bincike da yawa a wannan fanni suna ƙarewa a kan raba takardar tambayoyi, a ji ko ma'aikata sun san haɗarin aikinsu. Sun sani, jikinsu ya gaya musu. Abin da muke ƙishirwarsa shi ne awo: nawa ne ƙurar, nawa ne dalmar da ke cikin jini, nawa ta ragu bayan gyara. Wannan sai da ɗakin gwaji mai kayan aiki da kuɗin kai ɗalibai fili. Ina roƙon jami'a da gwamnati da masu hannu da shuni su ɗauki nauyinsa kafin a yaye rukuni na gaba.

  Ku kuma ƙannena, ina taya ku murna, Allah ya sanya albarka a wannan digiri, ya tsare ku a wuraren da za ku shiga, ya mai da kowa gidansa lafiya.