Maraɗi na girma, ruwa kuma bai manta hanyarsa ba

Ga jawabin da aka gabatar gaban matasan fadodin unguwannin Maraɗi. Mun kawo muku shi yadda aka faɗe shi. Ku karanta, ku tura wa 'yan fadarku.



Iyayenmu masu unguwa da ke zaune nan gaba, ranku ya daɗe. Iyayenmu mata, sannunku da ƙoƙari. Samari da 'yan mata, 'yan uwana, barkanku da zuwa. Na san wasu sun aje babur ɗin kabu-kabu suka zo, wasu sun rufe shago, don haka ba zan ja ku da nisa ba. Maganata guda ce: garin nan namu da ruwan sama.

Bari mu fara da lissafi. A ƙidayar 1977, mutanen birnin Maraɗi ba su kai 45.000 ba. A 1988 sun kai wajen 110.000. A ƙidayar 2012 an samu fiye da 267.000. Ke nan cikin shekara 35 garin ya ninka har sau shida. Daga 2012 zuwa yau kuwa ba sai an kawo muku takarda ba, idonku ya gani. Inda iyayenmu suke noman gero, yau parsel ne da bulo. Wanda ya tashi Bagalam ko Mokoyo ko Limanci, in ya ce zai kai ziyara ƙarshen Zariya ko bayan Ali Ɗan Sofo, sai ya nemi kuɗin adaidaita.

Wannan girma alheri ne, kada wani ya ce muku masifa ce. Gari ba ya cika sai da dalili. Gyaɗa ce ta fara tara mutane nan, daga baya kasuwancin iyaka da Najeriya ya ɗora, har sunan Alhazan Maraɗi ya shiga littattafai. Yau ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana jawo ɗalibai, ga 'yan ƙauye da daminar da ba ta yi kyau ba ke korowa, ga waɗanda rashin tsaro ya taso daga gidajensu. Kowa da abin da ya kawo shi, kuma kowa na da haƙƙin wurin kwana. Abin tambaya shi ne: mutane sun ninka sau shida, to kanibo fa? Ajin lakwal fa? Wurin zuba shara fa?

Ranar Juma'a 30 ga watan Agustan 2024 aka ba mu amsa. An yi ruwa milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi. Gwamnan jiha da kansa ya sanar da rasuwar mutum 15 cikin garin nan. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. A wannan damina, ƙasa baki ɗaya mutanen da suka rasu sun haura 300, waɗanda abin ya shafa sun wuce miliyan ɗaya. A Damagaram tsohon masallacin Birni ya rushe. Komawa lakwal da aka saba farkon Oktoba sai da aka ɗage ta zuwa 28 ga wata, domin azuzuwan cike suke da iyalan da gidajensu suka faɗi.

To mene ne milimita 150? Mu kan ji a rediyo mu wuce. Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ɗauki parsel mai murabba'in mita 400. Ruwan da ya sauka kansa a wannan ranar lita 60.000 ne, watau ganga 300 mai cin lita 200. Gida ɗaya ke nan fa. Yanzu ka ƙirga gidajen layinku. Kuma ka tuna ruwan da Maraɗi ta saba samu a shekara duka bai cika wuce milimita 500 da wani abu ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara ya zubo kafin a gama dahuwar tuwo.

Da can, sa'adda wurin yake gona, rairayi ne ke shanye mafi yawan ruwan. Yau mun rufe ƙasar da kwano da siminti da kwalta, kowa kuma ya juya indararonsa waje. Ruwan da ƙasa ba ta sha ba dole ya yi tafiya, kuma tafiyarsa guda ce: gangare, zuwa Gulbi. Duk abin da ya tarar kan hanya, katanga ce ko ɗakin ƙasa, da shi zai wuce.

Akwai kuma kududdufai. Kakanninmu sun haƙa su ne wajen ɗibar ƙasar gini, sai suka zama ma'ajiyar ruwan unguwa. Mu muka maishe su juji, da suka cika aka daddale, aka yi gini sama. Ruwan da ke kwana ciki a da, ina kuke so ya kwana yanzu? Cikin ɗakin maƙwabci.

Abin da ya fi ba ni mamaki, tarihin garin nan kansa darasin ruwa ne. Tsohuwar Maraɗi, wadda Katsinawa suka zauna bayan jihadi, cikin kwarin Gulbi take. A 1945 ambaliya ta cinye ta, shi ya sa aka taso da gari bisa tudu, aka yanka tituna miƙaƙƙu da muke bi yau. Ku tambayi tsofaffinku, akwai masu labarin a bakinsu. Kakanni sun gudo daga hanyar ruwa, jikoki kuma muna komawa muna sayen fili cikinta don ya fi araha.

Na san abin da wani zai ce: ruwa na Allah ne. Gaskiya ne, babu mai gardama. Amma ledar da ta toshe kanibo, wa ya jefa ta? Yashi da tsakuwar da aka zube tsakiyar titi wata shida ana jiran kuɗin gini, na wa ne? Wanda ya ƙara shago bisa magudanar ruwa, daga sama ya faɗo? Tun 2014 ƙasar nan ke da dokar da ta hana shigowa da sayar da ledar nan marar kauri. Ku leƙa kasuwa gobe ku gaya mini ko dokar ta iso. Ko tumatirin dala ashirin ka saya sai an sa maka a leda, kai ma in ba a sa ba sai ka yi fushi.

Kuma ba ruwa kaɗai ke nuna mana garin ya fi ƙarfin kayan aikinsa ba. Ranar 8 ga Nuwamban 2021, wuta ta kama azuzuwan zana a wata lakwal cikin garin nan, yara ƙanana aƙalla 25 suka rasu. Watanni bakwai kafin nan an yi irin ta a Yamai, yara 20. Me ya kai ɗiyanmu karatu cikin zana? Yara sun yi yawa, ginannun azuzuwa sun yi kaɗan. Cutar guda ce da ta kanibo: mutane na gaba, tsari na baya yana ɗingishi.

To me za mu yi? Akwai na hukuma, akwai namu, kuma kada ɗaya ya ɓoye bayan ɗaya.

Na hukuma a fili yake. Babbar magudanar ruwa ba aikin fada ba ce, ta fi ƙarfin shebur da baro. Yanka filaye, hana gini kan hanyar ruwa, kwashe shara da mota, kare filin da aka ware don lakwal ko likita kada a wayi gari an sayar da shi, duk aikin mairi ne da gwamnati. Tun watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun da aka zaɓa, aka naɗa kantomomi. Ko zaɓaɓɓe ne ko naɗaɗɗe, harajin da ake karɓa kasuwa da tasha da hannun masu babur bai tsaya ba. Don haka tambaya ma ba za ta tsaya ba. Amma a yi ta da ladabi, a yi ta a rubuce. Ƙorafin bakin shayi iska ke ɗauke shi. Takardar da mai unguwa ya sa wa hannu, mutum 50 suka sa hannu, aka kai mairi aka buga mata hatimin karɓa, kuka riƙe kwafi, ita ce ke da nauyi. Bayan wata ɗaya ku koma da kwafin ku ce mun zo jin inda aka kwana.

Namu kuwa, ga shi.

Na farko, kowace fada ta san hanyar ruwan unguwarta. Kusan kowa nan na da waya mai kyamara. In ruwa ya ɗauke, ku fita ku ɗauki hoto: ina ya taru, ina ya ɓalle, wace katanga ta jiƙe har gindi, wane kanibo ya cika da yashi. Ku rubuta rana da sunan layi. Wannan ita ce hujjar da za ku haɗa da takardarku. Injiniya ya san lissafi, amma bai fi ku sanin inda ruwa ke kwana a layinku ba.

Na biyu, gayya. Iyayenmu sun yi samariya zamanin Kunce, sun share tituna, sun gina azuzuwa da hannunsu. Mu muna da fada, kuma yawanmu ya fi nasu. A yashe kanibo cikin watan Mayu, tun hadari bai haɗu ba, kada a jira Agusta. Kuma abin da aka fiddo a kwashe shi ranar. Mun sha ganin an tara yashi da leda bakin rami an ɗauki hoto an sa a Facebook, ruwan farko ya maida su inda suka fito. Kafin ku fara haƙa, ku shirya amalanke ko ku nemi motar mairi.

Na uku, ku san mutanenku. A kowane layi akwai tsohuwar da ke kwana ita kaɗai cikin ɗakin ƙasa, akwai mai jego, akwai almajiran da ke kwana zaure mai tsagaggen bango. Sau da yawa ruwa ba ya cin mutum a titi, bango ne ke faɗo masa yana barci, wani lokaci kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan, sa'adda ƙasar ta gama jiƙa. Ku rubuta waɗannan gidaje tun yanzu, ku san gidan siminti da zai karɓi kowa in dare ya yi tsanani. Lambar 'yan kwana-kwana 18 ce, kowa ya sa ta a waya. Kuma baƙon da ya tare jiya a ƙarshen unguwa, ku sa shi cikin lissafi. Shi ne bai san inda ruwa ke bi ba, shi ne kuma aka fi sayar wa wuri marar kyau.

Na huɗu, ga masu niyyar sayen fili, kuma na san da yawanku kuna tara jikka-jikka don haka. Kada ka sayi parsel da rani ka ce ka gani. Je ka gan shi cikin Agusta, washegarin ruwa. Tambayi manoman da ke kusa, su suka san inda ƙorama take bi shekarar da aka yi ruwa da yawa. Ka je mairi ka tabbatar filin na cikin yankan hukuma, ka ga takardarsa da idonka. Arahar fili cikin kwari, da ɗakinka za ka biya cikon.

'Yan uwana mata, kada a maida wannan zancen maza. Ku ke kwashe ruwa da roba tsakar dare, ku ke jinyar yara in zazzaɓin sauro ya biyo bayan ruwan da ya kwanta. Duk kwamitin unguwar da aka kafa ba ku ciki, rabin labari ya sani. Masu adashe, ku kawo maganar nan ranar zubi.

Garin nan zai ci gaba da girma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Yaran da ake goyo yau su ma za su nemi parsel. Damina kuma tana tafe, ba ta taɓa saɓa alkawari don mutane ba su gama shiri ba. Kafin mu tashi daga nan, ina roƙon kowace fada ta ba da sunan mutum biyu, namiji da mace, da ranar da za ta fita gayyarta ta farko. Takarda na nan bakin ƙofa. Iyayenmu masu unguwa, muna neman albarkarku da sa hannunku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana gidajenmu da ɗiyanmu.