JAWABI A KAN WATA TSOHUWA TA ZANGON KETE

  

An ce in yi magana a kan kakata, wadda ta haifi ubana, wadda duk zango ke kira Iya. To, ga abin da na gani da idona, da abin da na ji daga bakinta.

Iya mutuniyar ƙasar Katsina ce. Tana amarya ta biyo mijinta, wani falke mai fataucin goro, suka sauka Kete Karachi a bakin kogin Volta, ba da daɗewa ba bayan rasuwar Alhaji Umaru, babban malamin garin, a 1934. Ba ta jin bakin mutanen ƙasar, ba ta da dangi ko ɗaya. Da mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, aka ce ta koma gida, ta ce a'a, inda aka binne uban 'ya'yanta nan ne gida.

Da koko da ƙosai ta fara. Tun kafin assalatu ta hura wuta. Da jari ya ɗan yi kauri sai ta shiga sayen gishirin Ada da ake hawowa da shi cikin kwalekwale, tana sayarwa ga masu zuwa arewa. Sa'an nan ta buɗe ɗan kanti a zaure: sabulu, kananzir, ashana, goro. Kowa a gidan da aikinsa. Ubana ke dakon buhu, goggona ke awo, mu jikoki mu ke talla. Ita ce kuma uwar adashin matan unguwa, abin da mutanen ƙasar nan ke ce wa susu.

Ba ta yi boko ba. Littafin bashinta bangon zaure ne, tana zana layi da gawayi, kowane mutum da wurinsa. To, da aka datse kogi a Akosombo, ruwa ya fara hawa a 1964, aka ta da mutane wajen 80,000 daga garuruwansu, har da mu. Tsohon zango ya nutse, bangon nan ya tafi da shi. Kafin mu kwashe kaya, Iya ta bi gida gida ta biya duk wanda ke bin ta, ta raba kuɗin adashi har kwabon ƙarshe. Waɗanda ita ke bi kuwa, ba ta da sauran shaida a kansu. Amma a sabon gari sai ga su ɗaya ɗaya suna kawowa da kansu, don kunyar abin da suka ga ta yi.

Na biyu ya fi wannan nauyi. Ran 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba da doka, cewa baƙon da ba shi da takardar zama ya fita ƙasar cikin kwana 14. Tsofaffinmu sun tuna yadda aka karyar da kaya da arha, aka cika loruri ana kuka. Iya Allah ya sa ta sami takarda. Masu tafiya suka yi ta kawo mata ajiya: tasoshi, akwatuna, har da keken ɗinkin wani tela. Ciniki ya mutu, don masu saye sun tafi, har akwai daren da muka kwana da gari da ruwa. Ubana ya ce a sayar da keken, in mai shi ya dawo a biya shi. Ta ce, "Ɗana, ba a ce mini in juya ba, an ce in ajiye." Duk Juma'a takan buɗe shi ta sa masa mai. Na girma na yi aure kafin ɗan telan ya zo, da labarin ubansa ya rasu. Ta miƙa masa keken, har da zaren da ke jiki.

Ya jama'a, ga dalilin da ya sa na karɓi wannan magana. Asusun jam'iyyarmu na marayu da zawarawa ya yi ƙasa, ba don rashin masu bayarwa ba, sai don waɗanda suka ranta ba su mayar ba. Muna da littafi da rasit da sa hannu, ita kuwa gawayi kaɗai gare ta. Allah ya umurce mu cikin Suratun Nisa'i da mu mayar da amana ga masu ita. Wanda ya san akwai layinsa a bango, kada ya jira a kira sunansa, ya ga ma'aji bayan an tashi.

Allah ya jiƙan Iya, ya jiƙan iyayenmu da suka kafa zangunan nan, ya sa mu cika da imani. Amin.