Na'aman da Maganin Kyauta

Karatu: 2 Sarakuna 5:1-14



Na'aman, shugaban sojojin Suriya, kuturu ne. Ya zo wurin annabi Elisha da azurfa da zinariya, amma annabin ya aika masa cewa ya je ya yi wanka sau 7 a Kogin Urdun, ba ko kwabo. Sai ya fusata, ya juya zai koma gida da kuturtarsa.

Mu ma muna da irinsa a nan Gombe. Bam ya tashi a tashar Dukku a Disamba 2014, ya kuma tashi a babbar kasuwa a Yuli 2015. Raunin jiki ya warke, amma har yau akwai wanda ba ya barci, akwai wadda ƙara kaɗan ke sa ta rawar jiki. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Tarayya, duk da haka ko an ce wani zai ɗauki nauyin kuɗin, waɗansu ba za su je ba. Don me?

Na fari, kunya. Mutum yana tsoron unguwa ta kira shi mahaukaci, 'ya'yansa mata su rasa masu aure.

Na biyu, raini. Ya ji an ce za a zauna a yi magana, sai ya ce, "Ba allura, ba ƙwaya, wane irin magani ke nan?" Haka Na'aman ya raina Urdun.

Na uku, waɗansu suna tsammani ganin likita rashin bangaskiya ne. Amma sa'ad da Iliya ya karai har ya roƙi mutuwa (1 Sarakuna 19), Allah bai tsauta masa ba. Ya ciyar da shi, ya bar shi ya huta, ya saurari kukansa. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne.

Su wa suka shawo kan Na'aman? Barorinsa ne, da magana mai taushi. Ya shiga ruwan, ya tsarkaka. 'Yan'uwa, aikinmu ke nan. Kada mu tilasta wa mai damuwa, kada kuma mu yaɗa asirinsa da sunan roƙon addu'a. Mu biya masa kuɗin keke, mu raka shi, mu jira shi a bakin ƙofa.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, ka kawar da kunya daga zukatan masu nauyin kaya, ka ba mu haƙurin raka su. A cikin sunan Yesu, amin.