Ɗanyen Nama da Karnukan Gadinmu: Jawabin Kwamitin Lafiya a Taron Shekara



Mun san wasu za su yi mamakin jin kwamitin lafiya ya bar maganar rijiyoyin burtsatse da ɗakin shan magani ya ɗauko zancen kare. Dalilinmu shi ne, da yawa daga cikin 'yan uwanmu da suka gina gidaje a sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Abuja, ko suka buɗe gonakin kaji a bayan gari, yanzu suna ajiye karnukan gadi saboda halin tsaro da ake ciki. Wasu ma manyan karnukan Turawa ne da aka saya da tsada. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, buhun abincin kare na ƙasashen waje ya gagari mutane da dama, sai aka koma aika yaro kwata ya sayo huhu da tumbi da saifa, a watsa wa kare ɗanye. Ga kuma 'ya'yanmu masu karatu a intanet suna cewa ai haka Turawa ke yi yanzu, wai shi ne abincin kare na asali.

Gaskiya ne akwai Turawan da ke yin haka. Wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Ostareliya, Ian Billinghurst, shi ya yayata wannan ra'ayi da littafinsa mai suna Give Your Dog a Bone a 1993. Hujjarsa ita ce kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa ba ya hura wuta, don haka ɗanyen nama da ƙashi su suka dace da cikinsa. Ra'ayin ya ƙara samun magoya baya a 2007, lokacin da aka gano gubar melamin a cikin wani sinadarin alkama da aka shigo da shi Amurka daga Sin aka haɗa abincin gwangwani da shi, karnuka da kyanwoyi suka yi ta mutuwa da ciwon ƙoda. Wanda ya ga haka, ba a ga laifinsa ba idan ya daina yarda da kamfanoni.

Sai dai hujjar kyarkeci tana da rauni. A 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka nuna cewa a tsawon dubban shekarun da kare ya yi yana zaune da ɗan Adam, halittarsa ta sauya har ya fi kyarkeci iya narkar da abinci mai sitaci nesa ba kusa ba. Wato kakanninmu mafarauta da makiyaya da suka riƙa ba karnukansu ragowar tuwo da dusa da tsala ba su jahilci komai ba. Ita ma maganar da ake yi a unguwanni, cewa ɗanyen nama da jini ke sa kare ya yi zafi ya iya gadi, camfi ce. Zafin kare daga irinsa ne da horon da aka yi masa.

Su kansu ƙasashen da abin ya samo asali sun auna shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gwada samfuri 196 na ɗanyen abincin dabbobin gida tsakanin 2010 da 2012, ta sami ƙwayar cutar salmonela a 15, listeriya kuma a 32. A shekarar 2012 ɗin ƙungiyar likitocin dabbobi ta ƙasar ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan wannan ciyarwa. A Ingila kuwa, a 2017, mutum 4 sun kamu da wata muguwar ƙwayar cutar hanji, ɗaya ya rasu, bincike kuma ya fi karkata ga ɗanyen tumbin da ake ba karnuka. A lura, wannan nama ne da aka sarrafa a kamfani, aka rufe a leda, aka adana cikin ƙanƙara ba tare da an ɗauke wuta ba. Ƙanƙara ba ta kashe waɗannan ƙwayoyi, kwantar da su kawai take yi. To ina ga wanda aka ɗebo a ƙasan kwata da hantsi, ya wuni a leda cikin zafin bazara? Kare kan ci ya tashi garau, amma yana zubar da ƙwayoyin a kashinsa, suna kuma maƙale a bakinsa da kwanonsa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali, wanda kuma ya fi shafar ƙasarmu, wata tsutsar ciki ce da likitoci ke kira ekinokokus. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya ga wani ƙululu mai kama da jakar ruwa a jikin hanta ko huhun tunkiya, saniya ko raƙumi. Mahauci kan sa wuƙa ya yanke wurin ya jefar, karen da ke raɓe a gefe ya cafe. Cikin wannan jaka akwai dubban 'ya'yan tsutsa. Da sun isa hanjin kare, cikin mako 6 zuwa 7 sun girma sun fara ƙwai. Tsutsar ba ta wuce milimita 6 ba, ba ta kuma sa kare rama ko zawo, shi ya sa mai shi ba zai taɓa zargin komai ba. Ƙwan yana fita da kashi, ya bushe, ya bi ƙurar tsakar gida, ya maƙale a gashin kare, ya faɗa kan latas da kabejin lambu. Yaro mai rarrafe ya dafa ƙasa ya kai hannu baki, shi ke nan.

A jikin mutum, ƙwan kan zama irin waccan jakar ruwa, galibi a hanta, wani lokaci a huhu. Tana girma a hankali, shekara 5, shekara 10 ko fiye, ba ciwo ba zazzaɓi. Ranar da ta bayyana, sai a ga ciki ya kumbura ko tari ya ƙi jin magani, a yi ta yawon asibiti da na masu maganin gargajiya kafin hoto ya nuna ta. Maganinta sau da yawa tiyata ce, tare da shan ƙwayoyi na watanni, in kuwa ta fashe a ciki tana iya kisa nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 1 ke ɗauke da wannan cuta a kowane lokaci. Ba kuma baƙuwa ba ce a nan: tun wajejen 1980 binciken likitocin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya same ta a dabbobin da ake yankawa a Arewa, ya kuma nuna ta fi yawa a raƙuma. Muna roƙon a riƙe abu guda: mutum ba ya kamuwa da ita ta cin dafaffen nama, ta hanyar kare take zuwa. Kada wani ya fita daga nan ya ce kwamitin lafiya ya hana cin hanta.

Ana iya tsinka wannan igiya, domin an yi a wani wuri. Ƙasar Niyu Zilan, mai tumaki fiye da mutane, ta kafa doka a 1959, ta hana ba karnuka ɗanyen kayan ciki, ta tilasta duba su da ba su magani a kai a kai. A 2002 ta sanar da cewa ta rabu da cutar.

Masu gonakin kaji kuma muna da magana da ku. Jefa wa kare mushen kaza ba tattali ba ne. Mun tuna a Fabrairun 2006 aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, a wata gona da ke Jaji ta Jihar Kaduna, kuma ta sha dawowa tun daga lokacin. Kazar da ta mutu ba a san dalili ba, rami mai zurfi ya kamace ta.

Me za a ba karen, tun da buhun kanti ya yi tsada? Kayan kwatan nan dai, amma a yanyanka su ƙanana a tafasa su sosai, aƙalla minti 30, a haɗa da shinkafa ko tuwon masara da ɗan ganye ko kabewa. Duk hanta ko huhun da aka ga ƙululu a jikinsa, a ƙone ko a binne. Nama zalla, ɗanye ko dafaffe, ba cikakken abinci ba ne, ba shi da isasshen sinadarin gina ƙashi, shi ya sa ake ganin kwikwiyon da aka raina da shi ƙafafunsa sun lanƙwashe. A nemi likitan dabbobi ya faɗi abin da za a ƙara. Kada a ba shi dafaffen ƙashin kaza, yana tsagewa ya huda hanji. Miyar da ta sha albasa ma a kiyaye, albasa na lalata jinin kare. A ware masa kwanonsa da wuƙarsa da tukunyarsa, a kwashe kashinsa kullum a binne, mai yin wannan aiki ya wanke hannu da sabulu. Yawanci mai gadi ko yaron gida ne ke wannan hidima, haƙƙinsa ne a kanmu mu saya masa safar hannu mu kuma gaya masa dalili. Maganin tsutsar sunansa farazikwantel, ana ba kare aƙalla sau 4 a shekara, a haɗa da allurar haukan kare ta shekara-shekara.

Akwai rabon da ya shafi gida. Yawancinmu kan koma garinmu Babbar Sallah, inda ake yanka ɗaruruwan raguna a rana guda ba tare da malamin dabbobi ya duba ko ɗaya ba, abin da aka ƙyamata kuma a wurga shi bayan katanga, karnukan gari su yi walima. Kwamiti na neman amincewar wannan taro a kan abu biyu: a ware kuɗi daga asusun lafiya a haƙa rami mai murfi a mayankar kasuwarmu, tare da shawarar Sarkin Fawa, sannan kowane reshe ya ba da sunan mutum ɗaya da zai zagaya unguwarsu ranar layya ya tuna wa jama'a su binne abin da suka yanke. Sakataren kwamiti zai karɓi sunayen bayan an tashi daga wannan zama.