Abincin yaron da ake yi wa wankin ƙoda ta ciki



Duk sanda aka fitar da ruwan wankin ƙoda daga cikin yaro, yana tafiya da sinadarin gina jiki, sukarin ruwan kuma yana rage masa cin abinci. Ta nan tamowa ke shigarsa, kumburi ya ɓoye ramar.

Ku ba shi ƙwai, kifi ko nama kullum, kaɗan-kaɗan. Ku rage gishiri da magi, ku bar kanwa. Kada a ba shi Plumpy'Nut sai da izinin likitan ƙoda, domin fotasiyam ɗin ciki na iya taruwa a jini ya tsayar da zuciya. Ƴan sa-kai, ku riƙa auna damtsensa, domin sikeli kaɗai na iya ruɗar ku.