Ludayin Ɗanɗano Ba Kyauta Ba Ne

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da Zumuntar Mata na ikkilisiyoyin yankin Karfi, bayan kaka

Mun gode wa Allah da ya nuna mana kakar bana lafiya. Masara ta shiga buhu, dawa ta shiga rumbu. Domin wannan dawar ne muka roƙi a ba mu ɗan lokaci mu yi magana a kan wani ƙaramin abu da muka raina, wato ɗanɗano.

Ba wanda ya tashi a ƙauyukanmu da bai san shi ba. Idan mutum ya ratsa ta gidan da aka dafa burukutu, ba a fara tambayarsa kuɗi. Mai giya za ta gaishe shi, ta tambayi mutanen gida, sa'an nan ta miƙo masa 'yar ƙwarya ko ludayi ta ce ya taɓa ya ji ko ta yi. Idan gidaje uku ne suka dafa a ranar kasuwa, ɗanɗano uku ke nan kafin ya taɓa aljihu. Mu kuwa mutane ne masu kunya. Wanda ya sha na kyauta ba ya iya tashi haka kawai, gama kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai ya zauna ya sayi ƙwarya ɗaya, aboki ya zo ya saya masa, shi ma ya rama. Kafin rana ta faɗi kuɗin mudu goma sun tafi.

Kada mu ɗauka wannan dabarar ƙauye ce kawai. A Faransa da Ingila da Amurka, kantunan giya na unguwa sukan sa rana, su jera kwalabe, su zuba wa kowa kaɗan a kofi ya ɗanɗana. Ƙwararrun cikinsu ma ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi a wani mazubi don kada su bugu. Amma mai kanti ya san lissafinsa: wanda ya ɗanɗana da wuya ya fita hannu wofi. Ko a can ko a nan, ɗanɗano talla ne, kuma mai saye ne yake biyan kuɗinsa daga baya.

Bari mu faɗi gaskiya game da inda muka fito. Da yawanmu jikokin Maguzawa ne. A wurin kakanninmu giya tana da wurinta: a gayya, a biki, a makoki, da wajen tsafi. Mata ne suke yinta, kuma aiki ne ba na wasa ba. A jiƙa dawa, a shimfiɗa ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, a sake dafawa, sa'an nan a bar ta ta tashi. Kusan mako guda ake yi ana fama da itace da ruwa. Da ribar wannan tukunya iyayenmu mata da yawa suka sayi awaki, suka aurar da 'ya'ya, har suka biya kuɗin makarantar wasu da ke zaune a nan. Ba mu zo mu zage su ba.

Amma zamani ya canja ta hanyoyi uku.

Na farko, abin da ake sha ya canja. Burukutu ba ta da ƙarfi sosai, tana kusa da giyar kwalba. Yanzu kuwa a gefen tukunya akwai ogogoro da barasar leda, waɗanda suka ninka ta ƙarfi sau da yawa, kuma yaro yana iya ɓoye su a aljihu. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai guba. A shekarar 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe, musamman saboda yara. Yaron da ya fara da ludayin kyauta, can yake ƙarewa.

Na biyu, sani ya ƙaru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 2.6. A shekarar 2023 kuma ta bayyana cewa babu wani gwargwadon sha da za a ce ba shi da lahani ga jiki. Mu ma ba mu bukatar takarda. Mun yi jana'izar masu ciwon hanta, mun ɗauko matasa daga bakin titin Funtua zuwa Malumfashi bayan babur ya kayar da su.

Na uku, matsayinmu a ƙasa. Tun shekarar 2000 da Jihar Katsina ta fara aiki da shari'ar Musulunci aka hana sayar da giya a fili. Mu 'yan kaɗan ne a tsakiyar maƙwabtanmu Musulmi, harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya. Idan Kirista ɗaya ya yi tangaɗi a hanya, ba sunansa za a kira ba, cewa za a yi ga halin Kiristoci. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Mun sani ɗarikunmu ba su da koyarwa ɗaya a nan. ECWA da wasu suna koyar da a bar sha gaba ɗaya. 'Yan'uwanmu Katolika ba su haramta shi ɗungum ba, amma suna hana buguwa. Ba muhawara muka kawo ba. Kowa ya koma gida ya karanta Karin Magana sura 23 da Romawa sura 14, zai ga inda muka haɗu: buguwa hasara ce, kuma bai kamata mu zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwa ba.

To, me za mu yi? Muna ba da shawara huɗu.

Ɗaya, kada a ba yaro ɗanɗano, kada kuma a aike shi sayen giya. Wannan kam ba mai gardama a kai.

Biyu, mu koya wa junanmu ƙin karɓa cikin ladabi. "Na gode, Inna, Allah ya ba da kasuwa" ya isa. Ba raini ba ne.

Uku, magidanta, a ware dawar ci ta shekara da ta kuɗin makaranta tun yanzu, uwargida ta san lissafin. Dawar da muka sayar da araha a kaka, ita za mu saya da tsada a watan Agusta.

Huɗu, kuma wannan ya fi nauyi. Idan muka ce wa gwauruwa ta kife tukunyarta, me za ta ci? Wa'azi kaɗai ba ya cika tukunyar miya. Hannun da ya iya tsiron dawa ya iya kunun zaki, ya iya zoɓo, ya iya awara da waken suyar da muke nomawa. Muna roƙon kowace Zumuntar Mata ta sa irin waɗannan mata a gaba cikin adashi, ikkilisiya kuma ta yi baiko na musamman domin jarinsu. A bikin Kirsimeti da na aure, kununsu za mu saya. Su ma su riƙa ba da ɗanɗano a kasuwa, gama dabarar ba ta da laifi, abin da ke cikin ludayin ne abin dubawa.

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya su zauna da matan kafin Kirsimeti, su kawo mana sunayen masu bukatar jari a taro na gaba. Ubangiji ya ba mu hikima, ya sa albarka a rumbunanmu. Amin.